Kwanaki Tare da Masu Kashe Wutar Daji a Ƙasar Bermo



Duk wanda ya bar birnin Maraɗi ya nufi arewa cikin watan Nuwamba, zai yi tafiyar fiye da kilomita 100 bisa kwalta, ta Kornaka har Dakoro, idonsa bai daina ganin rumbuna da damman hatsi ba. Daga Dakoro kwalta ta ƙare, sai rairayi. Ana gangarawa kwarin Tarka, ana haurawa, sai gonaki su fara raguwa, yau ga ɗaya can ga ɗaya, har su ɓace baki ɗaya. Tun shekarar 1961 hukumar Nijar ta yi doka ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya, kuma dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da wannan iyaka, ko da yake gonaki sun daɗe suna satar ƙetare ta. Bayan wannan iyaka ƙasar Bermo take.

Bermo ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, da aka cire ta daga Dakoro. Mazaunanta Fulani ne, cikinsu har da Bororoji, da Buzaye, da Hausawa 'yan kasuwa da masu gyaran rijiya. A cikinta ne dajin Gadabeji yake, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin hekta 76,000, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren da take kula da su a 2017. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka kai su can, bayan shekaru masu yawa ba a ga ko ɗaya ba a yankin. Baƙi kan je domin raƙuman dawa. Amma dukiyar ƙasar ita ce abin da baƙo ke takawa bai lura ba: ciyawa. Ƙarangiya ce mafi yawa, da burburwa da 'yan'uwansu, busassu, masu launin zinariya, shimfiɗe bisa tuddan rairayi iyakar ganin ido, da aduwa da farar ƙaya jefi-jefi a tsakani.

Manomi idan ya gama girbi yakan kai abincinsa rumbu, ya rufe, ya sa ƙaya. Makiyayi kuwa nasa rumbun a tsaye yake a fili, ba ƙofa ba murfi. Abin da ya tsiro cikin watanni uku na damina, shi dabba za ta ci har wata daminar, kuma ba za a ƙara masa ko tsinke ɗaya ba. Ma'aikatan kiwo suna da lissafin da suke yi kowace kaka: babbar dabba mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a yini, kuma suna ƙidaya rani kwana 270, wato kusan kilo 1,700 ga kowace saniya. Ba duk ciyawar da ke fili ke shiga cikin dabba ba. Iska ta kwashi nata, gara ta ci nata, kofato ya tattake saura, shi ya sa kashi ɗaya cikin uku kawai suke sawa a lissafi. To mu ce hekta ɗaya ta ba da tan ɗaya. Ke nan saniya guda tana bukatar wajen hekta 5, kuma wutar da ta cinye hekta 1,000, abin da takan iya yi tsakanin azahar da magariba idan iska ta taimake ta, ta cinye abincin shanu 200 na rani guda.

Abin mamaki a nan shi ne, shekarar da aka fi godiya ita ce aka fi tsoro. Idan damina ta yi gardama, ciyawa takan tsaya tsibi-tsibi da fili a tsakani, wuta ta tashi ta mutu da kanta. Idan kuwa ruwa ya wadata, ciyawa ta haɗe baki da baki tun daga wannan rijiya har waccan, babu abin da zai tare ta. Kuma wanda ya saba da ƙasashen kudu kada ya auna wannan da abin da ya sani. A kudu, inda gamba take, ana sa wa daji wuta da gangan da farkon rani, domin saiwar gamba tana raye a ƙasa, bayan kwanaki sai ta yi toho. Ciyawar Bermo 'yar shekara ɗaya ce, daga iri take fitowa, ta zubar da iri ta mutu. In ta ƙone babu toho, sai baƙar ƙasa, iskar hunturu kuma ta bi ta kwashe tokar tare da rairayin.

Wani almajirin mahaifina ne, wanda yanzu yake limanci a wani ɗan ƙauye da ya kafu bakin rijiya a wannan yanki, ya aiko cewa suna neman hannu wajen aikin share layin wuta, duk wanda zai iya zuwa ya zo. Mu mutanen birni idan an ce gobara, abin da ke zo mana a rai shi ne jar mota da jiniya da lamba 18 da ake bugawa. Can babu wannan zance. Ko motar ta samu hanya cikin rairayi, ina za ta sha ruwa? Rijiyoyin masu zurfi ne ƙwarai, raƙumi ko jakai ke jan wasaki, dabbar ta yi nisa da bakin rijiya kafin ruwa ya fito, kuma garke na tsaye yana jira. Ba wanda zai zuba wannan ruwa a kan wuta. Da ganye da ƙasa ake kashe wutar daji.

Ƙungiyar 'yan sa kai da na tarar ba ta da ofis, ba ta da riga iri ɗaya. Sunayensu na cikin wani littafin 'yan lakkol da ke hannun liman, domin shi ne mai rubutu. Akwai makiyaya, akwai mai shagon shayi da sukari, akwai mai gyaran babur, akwai samari biyu da suka dawo daga ci-rani. Ma'aikatan gandun daji sun taɓa zuwa sun koya musu aiki na 'yan kwanaki, suka bar musu manjagara da shebur da 'yan jarkoki. Shugabansu wani dattijo ne Bafillace, siriri, wanda ba ya ɗaga murya, kowa na ce masa Baffa. Da aka gabatar da ni, ya dubi ƙafata ya ce, "Ɗan Malam, wannan takalmin na masallaci ne." Ya sa aka nemo mini na fata. Ya kuma sa na tuɓe rigata mai sheƙi na sa ta auduga, domin yadin roba idan ya ji zafi narkewa yake ya manne wa fata. Dattijon ya ce shi tun zamanin samariya, lokacin mulkin Seyni Kunce, yake wannan aiki, kuma kafin samariya ma iyayensu na yi, sai dai a lokacin ba a rubuta sunan kowa, gayya ce kawai.

Mafi yawan aikin ba shi da abin ba da labari, kuma shi ne aikin. Layin tare wuta, wanda Faransanci ke kira pare-feu, hanya ce da ake sharewa cikin ciyawa har sai ƙasa ta fito fili, faɗinta mita 15 zuwa 20, tsawonta kilomitoci. Ana shimfiɗa ta a gicciye da iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas, domin wutar da iska ta koro ta zo ta tarar ba abin ci. Inda akwai hali tarakta ke yi. Mu da hannu muka yi: masu hauya mai dogon ƙota a gaba suna kankare ciyawa, masu manjagara a baya suna tarawa, sannan a ɗaura wa raƙumi reshen ƙaya ko tsohuwar tayar mota ya ja bisa layin ya share abin da ya rage. Ciyawar da aka tara ba a barinta a gefen layi, domin tsibin ciyawa bakin layi gada ce aka gina wa wuta. Mata da yara ke zuwa da jakai da amalanke su kwashe, su ajiye wa ƙananan dabbobi da masu tatsa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ƙarangiya ta fi rana wahala. Tana shiga wando, tana shiga tsakanin yatsu, tana bin mutum har shimfiɗarsa, kuma in ka cire ta da hannu sai ta koma hannun. Kowane ɗan yankin yana yawo da ɗan matsefin ƙarfe rataye a wuya ko cikin aljihu saboda ita. Da na yi ƙorafi, mai gyaran babur ya yi dariya ya ce a shekarun yunwa irin 1984 kakanninsa sun sussuka wannan ƙarangiyar sun ci ƙwayarta, saboda haka in riƙa yi mata magana da ladabi.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sukan biya kuɗi a kan kowace kilomita da aka share, kuma wannan kuɗi na da amfani biyu, domin yakan tsayar da samari a gida lokacin da suke shirin tafiya ci-rani. Sai dai kukan da na ji a bakin kowa ɗaya ne: ciyawa na bushewa tun cikin Oktoba, kuɗin kuwa sau da yawa ba ya isowa sai an shiga sanyi sosai, bayan wutar farko ta riga ta wuce. A ganina layin da aka share a makare kusan sadaka ce aka kai gidan da aka gama zaman makoki. Wannan ne ya sa mutanen wannan rijiya suka yanke shawarar fara nasu ba tare da jiran kowa ba, in kuɗi ya zo daga baya alhamdu lillahi. Amma wanda ya yini a kan layi bai yini bayan garkensa ba, sai ya bar wa ƙaramin yaro, kuma wanda ke da shago ya rufe shi. Masu manyan garkuna da ke zaune a birni, waɗanda dabbobinsu suka fi na kowa cin wannan ciyawa, ban ga ɗan aikensu a kan layi ba ko sau ɗaya.

A rana ta shida, bayan azahar, salular Baffa ta yi ƙara. A yankin ba ko'ina ake samun layin waya ba, akwai tudun da kowa ya sani, nan ake hawa a yi kira, kuma wani makiyayi ne ya hau irin wannan tudu ya ce ya ga hayaƙi gabas da su. Kafin a gama magana mu ma mun hango shi, fari daga ƙasa, sama kuma ya yi ja-ja. Liman ya shiga masallaci ya ɗauki lasifikar da ke aiki da batir ya yi shela da Hausa da Fulatanci. Abin da ya biyo baya ya yi sauri: babura ɗauke da mutum uku-uku, raƙuma, masu gudu da ƙafa, kowa ya tsaya a hanya ya sari ɗanyen reshe. Ba mu kai mutum arba'in ba da muka tashi, amma muna isa muka tarar da mutanen wasu rugage sun riga mu, Buzaye da rawunansu sun rufe hanci da baki, wanda a ranar na gane amfaninsa.

Ban taɓa sanin wuta tana da murya irin wannan ba. Daga nesa kamar ruwan sama ne bisa rufin kwano, in ka matso sai ka ji kamar ana yayyaga sabon yadi ba fasawa. Harshenta a inda ciyawa ta yi kauri ya fi tsayin mutum. Gabanta fara da ƙananan tsuntsaye ke tashi, shaho da shirwa na shawagi a sama suna kamun abin da ya firgita, zomo ya wuce ta tsakanin ƙafafunmu bai ko dube mu ba.

Baffa bai bar kowa ya tari gabanta ba. Wutar ciyawa tana da kai, inda iska ke tura ta, tana da gefe biyu, tana da baya. Kan ba ya kasuwa da reshe, kuma idan ta kama hawan tudu gudunta ƙaruwa yake, har mai gudu da ƙafa cikin rairayi ba zai tsere mata ba. Ya raba mu biyu, kowane rukuni ya kama gefe ɗaya tun daga baya, muna bi muna matse ta domin kan ya riƙa ƙanƙancewa. Ya ce kowa ya tsaya da ƙafa ɗaya cikin inda ya riga ya ƙone, domin in iska ta juya, mafakar mutum ita ce baƙar ƙasa, wuta ba ta komawa inda ta ci. Bugun ma da ƙa'idarsa: ba a ɗaga reshe sama a maka, wannan fifita ce, sai dai a shafo daga waje zuwa ciki, a tura tartsatsin cikin toka. Mutum uku ko huɗu ke bin juna, na farko ya karya ƙarfinta, na biyu ya kashe, na baya da shebur ya rufe da ƙasa. Wanda ke gaba ba ya jure fiye da 'yan mintoci, sai ya koma baya wani ya karɓa. Ana yi ana kabbara, yara kuma na biye da jarkokin ruwa bisa jakai, na sha kawai.

Kusan la'asar sakaliya iska ta karkata, gefen da muke ya zama kai. Na ji muryar Baffa a karo na farko da ƙarfi: "Ku shiga baƙi! Ku shiga baƙi!" Muka tsallaka cikin toka mai zafi, hayaƙi ya rufe mu, ba mai ganin na kusa da shi. Da ya washe aka yi ƙidaya, aka ga kowa na nan, sai wani saurayi da ya ƙone a dantse da wani da ƙaya ta huda masa tafin ƙafa. Asibiti mafi kusa tafiyar sa'o'i ce bisa babur. Aka zuba wa ƙunar ruwan sha mai tsabta, aka rufe da ƙyalle, dattijon ya hana a shafa mata toka ko man shanu kamar yadda wasu suka so, aka ɗora yaron a babur.

Abin da ya tsayar da kan wutar a ƙarshe shi ne layi. Ba namu sabo ba, wani tsohon layi ne na bara da aka sake bi aka share makonni kaɗan kafin nan. Da magariba ta yi iska ta kwanta, sanyi ya fara sauka, harshen ya rage tsawo, ta iso bakin layin ta tsaya tana lasar gefe. Mutane suka jeru a ɗaya gefen suna jiran abin da zai tsallako. Kuma yana tsallakowa, domin busasshen kashin shanu da na raƙumi yakan riƙe wuta a cikinsa kamar garwashi, iska ta mirgina shi ko ta ɗauki guntunsa ta jefa cikin ciyawa. Saboda wannan kashin muka kwana a wurin. Muka yi taimama muka yi magariba da isha'i rukuni-rukuni, wasu na salla wasu na tsaro, sannan aka bi gefen ƙunar da fitilar hannu har asuba, ana tona duk abin da ke hayaƙi ana binnewa. Kututturen aduwa ɗaya ya ci har kwana biyu.

Da gari ya waye sai tambayar da ba a so: wa ya tayar? An bi sawu har inda ta faro, aka tarar da duwatsu uku da tokar shayi a gindin wata bishiya, da sawun babur. Galibin wutar yankin haka take tashi, daga garwashin shayin matafiyi, ko guntun taba, ko wutar girkin da aka tashi aka bari, ko yara masu gasa abin da suka kama. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci a kan mai sa wa daji wuta. Mu kuma da muka yi karatun zaure mun san cewa Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin abubuwan da ke wajabta wa mutum biyan abin da ya lalace. Liman ya faɗi haka a gaban jama'a. Amma na lura da yadda aka yi shiru, kowa ya dubi ƙasa. A wurin da mutane ba su da yawa, sawun babur ba ya ɓoyuwa ga kowa, sai dai mai babur ɗin ɗan wani ne, surukin wani ne, kuma ko an sayar da duk abin da ya mallaka ba zai biya abincin garke ɗaya ba. Baffa ya ce a bar masa maganar, zai je ya ga uban yaron. Ni dai ina ganin rufa-rufar nan tana cikin abin da ke sa wutar baɗi, ko da yake na fahimci abin da ya sa ake yinta.

Ranar da zan koma, motar kasuwa ta bi ta gefen ƙunar, muka yi tafiya mai tsawo baƙi na hannun hagu, zinariya na hannun dama, layin da aka share a tsakaninsu kamar an ja da alƙalami. A can gaba muka cim ma wata ruga da makiyayarta ke cikin inda ya ƙone. Sun naɗe kayansu bisa jakai da bijimin dako, ƙore da tabarmi da 'yan raguna sababbin haihuwa cikin buhu, sun fuskanci kudu. Sauran rijiyoyin arewa kowace da masu ita da garkunan da suka riga suka sauka, dusa kuwa sai mai kuɗi. A kudu kuma wake na gona, hukuma ba ta sanar da ranar sakin gonaki ba tukuna, kuma mutanen Maraɗi ba su manta da abin da rikicin manoma da makiyaya ya jawo a Toda a 1991 ba, inda aka rasa rayuka fiye da 100. Direba ya tsaya, mai gidan ya matso muka gaisa. Wani fasinja ya tambaye shi, "Baba, ina aka nufa?" Ya ce za su sauka kwarin Tarka su jira a can, in ciyawar wurin ta kai su har a saki gonaki. Ya roƙi a ba shi ashana, aka ba shi, sannan ya bi bayan shanunsa.